MAI GADIN KWAMFUTA: KUSKURENSA DA SHIRUN MASU SHI

Darasi domin malamai masu koyon aiki

Yau da wuya a shiga babbar makaranta ba a sami ɗakin kwamfuta ba, ko da guda biyar ne a cikinsa. Tun daga 2015 kuwa jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kan kwamfuta a ke yinta, saboda haka malamin da ya ce babu ruwansa da wannan na'ura ya cuci yaransa. Da yawa daga cikinku, in kun gama kos kun fita aiki, za a miƙa muku mabuɗin wannan ɗaki, a ce ku kula da shi. Abu na farko da za a gaya muku shi ne ku sa wa kowace kwamfuta manhajar tsaro, wadda mutane ke kira antibairos. Shawara ce mai kyau, ku bi ta. Amma akwai sauran magana wadda ba a cika faɗa ba, ita ce kuwa ta sa aka rubuta wannan darasi. Shi mai gadin nan yakan yi kuskure, har ya rushe gidan da aka ba shi tsaro, kuma kamfanin da ya yi shi ba kullum ya ke fitowa da gaskiya da wuri ba. Ya kamata malami ya san wannan tun ranar ba ta zo ba.

1. Aikin mai gadi

Abin da a ke kira bairos, ko ƙwayar cutar kwamfuta, wata 'yar manhaja ce da wani ya zauna ya rubuta da gangan, don ta shiga kwamfutar mutane ba da saninsu ba, ta ɓata musu aiki, ko ta saci asirinsu, ko ta kulle musu takardu sai sun biya fansa. An ba ta sunan cuta ne domin takan yaɗu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda ƙyanda ke bin yara a aji. Wadda ta fara yin suna a irin kwamfutocin da mu ke aiki da su ita ce Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan cikin 1986. Shekarar da ta biyo, watau 1987, aka kafa kamfanin McAfee a Amurka, yana cikin na farkon da suka sayar da maganin wannan cuta.

Manhajar tsaro tana gane ɓarawo ta hanya biyu. Ta farko, tana riƙe da littafin kamannin ɓarayin da aka riga aka sani, ko wane fayil ya shigo sai ta gwada shi da abin da ke cikin littafin, in ya yi daidai ta kama shi. Ta biyu, tana lura da hali. In ta ga wata manhaja tana yin abin da mutumin kirki ba ya yi, misali tana bin takardu ɗaya bayan ɗaya tana kulle su, sai ta tare ta, ko da sunanta ba ya cikin littafi. Wanda ta kama kuwa, ko ta share shi, ko ta killace shi a wani wuri inda ba shi da ikon motsi.

To, ɓarayin nan ba sa ƙarewa. Wata cibiyar gwaji ta ƙasar Jamus mai suna AV-TEST ta lissafa cewa a wajen 2023 tana rubuta sababbi sama da 450,000 kowace rana. Don haka tilas kamfani ya riƙa aiko da ƙarin shafi na littafin nan ta intanet, wani lokaci sau da yawa a yini guda. Wannan aiko shi a ke kira sabuntawa. Kwamfuta takan karɓa da kanta, ba ta tambayar mai ita.

Sai ku lura da inda mai gadin nan ya ke zaune. Windows, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar gida ta ke, da zaure, da tsakar gida, da turaka. Manhajar rubutu da ta lissafi da ta kallon hoto iyakarsu tsakar gida. In ɗayarsu ta yi tuntuɓe, sai a rufe ta a sake buɗewa, sauran gida lafiya lau. Amma shi mai gadi an bar shi ya shiga har turaka, wadda masana ke kira kenel, domin a can ne ya ke iya ganin kowa da komi. In ya yi tuntuɓe a can, Windows ba ta da wata dabara sai ta tsai da aiki duka, ta nuna shuɗin allo.

Kuskuren mai gadi iri biyu ne. Ko ya bar ɓarawo ya wuce, ko ya kama ɗan gida. In an tsananta masa don kada ɓarawo ya kuɓuce, zai yawaita kama 'yan gida. In an sassauta masa don 'yan gida su huta, ɓarayi za su samu hanya. Mu ɗan yi lissafi. A ƙaddara kwamfuta tana da fayil 200,000, mai gadi kuwa yana yin daidai sau 9,999 cikin 10,000. Yaron da ya ci haka a jarrabawa sai a tara makaranta a ba shi kyauta. Amma a nan ma'anarsa ita ce an kama fayil 20 da ba su ji ba ba su gani ba. In ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan ginshiƙin gida ne, to, gida ya faɗi.

2. Abin da ya faru cikin 2010

Ran 21 ga Afrilu 2010 kamfanin McAfee ya aika da sabuntawa mai lamba 5958. A cikinta akwai kuskure wanda ya sa manhajar ta ɗauki wani fayil na Windows mai suna svchost.exe a kan bairos ne, ta killace shi. Shi kuwa wannan fayil, yawancin ayyukan da Windows ke yi a ɓoye a kansa su ke tafiya, har da haɗuwa da intanet. Kwamfutocin da ke kan Windows XP mai gyara na uku, wanda a ke kira Service Pack 3, suka shiga kashe kansu suna kunnawa, ba iyaka.

A jihar Rhode Island ta Amurka asibitoci da dama suka ɗage aikin tiyatar da ba na gaggawa ba. A jihar Kentucky aka umurci 'yan sanda su kashe kwamfutocin da ke cikin motocinsu na sintiri. A ƙasar Ostareliya kamfanin kantuna na Coles ya rufe wasu kantunansa, domin na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne, tun da kwamfutar ba ta iya hawa intanet, ba yadda za a aiko mata da gyara daga nesa. Sai ma'aikaci ya taka da ƙafarsa, ya bi su ɗaya ɗaya da filash a hannu. Daga baya kamfanin ya amsa cewa a wajen gwaji ba a gwada sabuntawar a kan irin wannan Windows ba, alhali kuwa a zamanin nan ita ce ta cika ofisoshi.

3. Ba kamfani ɗaya ba ne

Kada wani ya ce ai McAfee ne ba su iya ba, in an canza kamfani an huta. Cikin Satumba 2012 manhajar Sophos ta Ingila ta kama kayan sabuntawa na manhajoji da yawa, har da nata na kanta. Inda aka saita ta ta riƙa share abin da ta kama, sai ya zama ta toshe ƙofar da magani zai biyo ya iso gare ta. Cikin Maris 2015 manhajar Panda ta ƙasar Sifen ta ɗauki wasu sassan jikinta a kan cuta ne, har kamfanin ya riƙa roƙon mutane kada su kashe kwamfuta su sake kunnawa. Cikin Afrilu 2017 kamfanin Webroot na Amurka ya saki wata ƙa'ida wadda minti 13 kaɗai ta yi kafin a janye ta, amma cikin wannan ɗan lokaci ta killace fayilolin Windows masu yawa, har ta sa Facebook cikin shafukan 'yan damfara. Duk wanda ke aika sabuntawa kullum zuwa turakar miliyoyin kwamfutoci, ko ba jima ko ba daɗe wata rana zai aika da wadda ba daidai ba.

4. Babbar Juma'a ta 2024

Mafi girman waɗannan duka shi ne na CrowdStrike, wani kamfani na birnin Austin a jihar Texas, wanda manyan ma'aikatu ne ke sayen manhajarsa mai suna Falcon, irin su bankuna da asibitoci da kamfanonin jirgin sama. Ran Juma'a 19 ga Yuli 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya, ya aika da wani ɗan fayil mai lamba 291. Da ƙarfe 6:27 ya janye shi. Minti 78 ke nan. Amma duk kwamfutar Windows mai ɗauke da Falcon da ta karɓi fayil ɗin cikin wannan tsakani ta nuna shuɗin allo, in an sake kunnawa ta sake nunawa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne abin ya shafa, watau ƙasa da ɗaya bisa ɗari na masu Windows a duniya. Sai dai wannan ɗaya bisa ɗari su ne ke riƙe da filayen jirgi da ɗakunan likitoci.

A Ingila gidan talabijin na Sky News ya ɗauke na ɗan lokaci, likitocin unguwa da yawa suka kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu. A Amurka kamfanin jirgin sama na Delta ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi hasarar dala miliyan 500, cikin Oktoba na shekarar kuma ya kai ƙara kotu.

Mene ne ainihin kuskuren? Ga misali daga aji. A ce an ba monita takarda mai gida 21, aka ce ya bi layi ya duba yara ɗaya ɗaya, alhali kuwa yara 20 ne a layin. Watanni ana rubuta masa a gida na 21 cewa ko wane ne ya wuce, saboda haka bai taɓa zuwa neman yaro na 21 ba, ba wanda ya gane akwai giɓi. Ran nan sai aka rubuta masa cewa lalle ya duba na 21 da kyau. Ya kai ƙarshen layi, ya ƙara taku ɗaya, ya faɗa rami. Haka ta faru ga Falcon. An tsara ta ta duba abu 21, amma 20 a ke miƙa mata, da ta miƙa hannu neman na ƙarshen sai ta taɓa wurin da ba nata ba a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tun da a turaka ta ke, gida duka ya tsaya. Na'urar da kamfanin ya ajiye don tace irin waɗannan fayiloli ita ma tana da nata aibi, ta bar shi ya wuce. Bayan wannan kuma ba a fara aika shi ga mutane kaɗan don a ga yadda zai yi ba, aka sake shi ga kowa gaba ɗaya. Har ma'aikatun da suka saita manhajarsu ta riƙa jinkirta karɓar sabon abu ba su tsira ba, domin wannan irin fayil ba ya bin ta wannan ƙofa.

Gyaran kuwa irin na 2010 ne. Sai an tada kwamfuta ta wata hanya ta musamman wadda ba ta ɗaukar kaya da yawa, a nemo fayil ɗin a share. Inda aka kulle ma'ajiyar kwamfuta da BitLocker, sai an kawo mabuɗi mai lamba 48, wasu kuwa mabuɗan nasu suna ajiye ne cikin wata kwamfutar da ita ma ta faɗi. Microsoft har ya ba da labari cewa wasu sun dace bayan sun kashe sun kunna sau 15.

5. Maganar kamfani bayan ɓarna

Nan ne zuciyar darasinmu. Kowa ya san ɗan Adam ajizi ne, mai saye yana iya yafe kuskure. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ya tsaya gaban kwamfutoci arba'in da suka mutu, shugabansa na tambayarsa, shi kuwa wanda ya jawo abin ya yi gum, ko ya yi maganar da ba ta da amfani.

Misali na farko shi ne shiru. Ran 9 ga Maris 2009 kamfanin Symantec, mai manhajar Norton, ya aika wa masu tsofaffin manhajojinsa na 2006 da 2007 wani ɗan fayil mai suna PIFTS.exe, don ya tattaro masa labarin irin kayan da su ke aiki da su. Aka manta ba a sa masa hatimin kamfani ba, saboda haka manhajar tsaro ta yi ta gargaɗin mutane cewa ga wani baƙo yana neman fita intanet. Mutane suka je dandalin tambayoyi na kamfanin suna tambaya, sai suka ga ana share tambayoyinsu. Washegari kamfanin ya yi bayani, ya ce fayil ɗin ba shi da illa, sharewar kuwa don wasu 'yan iska ne da suka cika dandalin da shirme. Amma kafin nan jita-jita ta gama gari, ana cewa leƙen asiri a ke yi. Mugaye kuma suka yi maza suka kafa shafuka da sunan fayil ɗin, wanda ya je neman bayani sai ya kwaso bairos na gaske. Abin da layi uku na bayani zai kashe tun daren farko, shiru ya mai da shi babban abu.

Misali na biyu shi ne rage girman ɓarna. Cikin 2010 maganar farko da McAfee ya yi ita ce abin bai shafi ko rabin ɗaya bisa ɗari na manyan masu sayensa ba. Ko da lissafin daidai ne, mutumin da asibitinsa ya tsaya ba abin da ya ke so ya ji ke nan ba. Sai da aka kwana aka wuni kafin wani babban jami'in kamfanin ya ba da haƙuri a fili, shugabansa David DeWalt kuma ya rubuta tasa wasiƙar bayan kwana biyu.

Misali na uku shi ne gaskiyar da ba ta da ladabi. Shugaban CrowdStrike, George Kurtz, wanda shi ne babban jami'in fasaha na McAfee cikin 2010, saƙonsa na farko ya ce ba hari ba ne, an gano matsalar, an aika da gyara. Duk gaskiya ne, amma babu ban haƙuri a ciki, bayanin gyaran kuma da farko yana wani shafi da ba a shiga sai da lambar sirri ta mai saye. Sai daga baya a ranar ya fito a talabijin na NBC ya ba da haƙuri. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya aika wa abokan cinikinsa da suka kwana suna gyara takardar cin abinci ta dala 10 ta Uber Eats, wasu ma da suka je karɓa aka ce an toshe ta. Mutane suka ɗauki wannan a kan raini.

Amma a faɗi alheri inda ya ke. Ran 24 ga Yuli CrowdStrike ya fitar da rahoton farko, ran 6 ga Agusta ya fitar da cikakke, wanda ya bayyana maganar 20 da 21 filla-filla, ya yi alkawarin zai riƙa sakin sabuntawa kashi kashi, ya kuma ba mai saye ikon zaɓen lokacin karɓa. Cikin Agustan nan wani babban shugaban kamfanin, Michael Sentonas, ya je taron masana tsaro na DEF CON a Las Vegas, ya karɓi kyautar ba'a da a ke ba wanda ya fi kowa kwafsawa a shekara, ya ce zai ajiye ta inda ma'aikatansa za su riƙa gani. Ran 24 ga Satumba wani jami'insu, Adam Meyers, ya ba da haƙuri a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka. Wannan ya sanyaya zukata fiye da takardar abinci.

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da ma'auni. Sanarwar kirki tana faɗin abin da ya faru da lokacin da ya fara. Tana faɗin wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba. Tana gaya wa mutum abin da zai yi yanzu da abin da zai guje wa, a wurin da kowa ke iya karantawa. Tana faɗin sa'ar da za a sake yin magana, ta kuma cika. Tana amsa laifi da baki ɗaya, ba kwana-kwana. Kamfanin da ya yi haka ya cancanci a ci gaba da ciniki da shi ko da ya yi kuskure. Wanda ya ɓoye kuwa, ranar da babbar ɓarna ta zo ku kaɗai zai bari a rana.

6. Abin da malami zai yi

(a) Kada ka ce tun da mai gadi na kuskure gara a kore shi. Ɓarayi sun fi kuskurensa yawa nesa ba kusa ba. Tun daga Windows 8, ta 2012, akwai manhajar tsaro ta Defender a cikin Windows kanta, ba a biyan ƙarin kuɗi. Ka tabbata ita ko wata sahihiya tana aiki. Kada ka haɗa biyu a kwamfuta ɗaya, domin sukan yi ta karo da juna su nauyaya ta. Manhajar tsaro ta sata kuwa, wadda a ke kwafa a kasuwa, sau da yawa ita ce ɓarawon.

(b) In akwai zaɓi, ka saita ta ta riƙa killacewa, kada ta riƙa sharewa. Wanda aka tsare ana iya sakinsa in an gane ɗan gida ne.

(c) Ka ware kwamfuta ɗaya ko biyu su zama 'yan gaba. In babbar sabuntawa ta zo, su fara karɓa, ka duba su yini guda, sa'an nan sauran su bi. Ana gobe jarrabawa kada ka sa sabon abu ko ɗaya.

(d) Sakamakon jarrabawa da rajistar yara da lissafin kuɗin makaranta su kasance suna da kwafi a wani wuri dabam wanda ba ya haɗe da kwamfutar, ka kuma buga mafi muhimmanci a takarda. Lambobin sirri da mabuɗin BitLocker ka rubuta su, a sa cikin akwatin hedimasta.

(e) Ka ajiye littafi a ɗakin kwamfuta kamar littafin tarihin makaranta. Duk abin da aka sa ko aka cire, a rubuta rana da sa'a. Ran da abu ya lalace, tambayar farko ita ce, me ya canza tun jiya? Littafin nan ne zai amsa.

(f) In kwamfutoci da yawa suka faɗi lokaci ɗaya da alama iri ɗaya, ka fara zaton sabuntawa. Kada ka kunna sauran da ke kashe, ka cire musu wayar intanet tukuna. Kada ka yi gaggawar wanke kwamfuta ka zuba sabuwar Windows. Ka nemi bayani a shafin kamfanin na ainihi. A 2024 ma 'yan damfara sun buɗe shafuka da sunan CrowdStrike suna raba gyaran ƙarya, kamar yadda aka yi a 2009.

(g) In za ka rubuta wa kamfani ko dillalinsa, ka bar fushi a aljihu, ka kawo hujja. Ka faɗi sunan manhaja da lambarta, da irin Windows, da rana da sa'ar da abin ya fara, da ainihin kalmomin da allo ya nuna, da yawan kwamfutocin da suka tsaya, da abin da ka riga ka gwada. Ka nemi lambar ƙorafi da ranar da za a amsa maka. In ranar ta wuce, ka sake rubutawa ka ambaci lambar. Kafin makaranta ta sayi wata manhaja ma, ka tambayi dillali, in ta lalace ranar Asabar wa za a kira?

(h) Ma'aunin nan da muka auna kamfanoni da shi, kai ma da shi za a auna ka. In ɗakin kwamfuta ya tsaya, kada ka jira hedimasta ya ji daga bakin yara. Ka je da kanka, ka faɗi abin da ya faru, da abin da ka ke yi a kai, da lokacin da za ka komo da labari.

7. Yadda za a kai darasin aji

Ga yaran firamare na sama da na ƙaramar sakandare, wasa ya fi dogon bayani. A tsai da yaro ɗaya a bakin ƙofa ya zama mai gadi, a ba shi takarda mai cewa ɓarawo yana sanye da jar hula. Sauran yara su riƙa shigowa, a sa wa wanda ya ke wasan maigida jar hula. In mai gadi ya kama shi, a tambayi aji, laifin wa? Sa'an nan a sa yara biyu su zama masu kamfani, ɗaya ya yi shiru ya juya baya, ɗaya ya fito ya yi bayani, aji su faɗi wanda za su sake ɗauka aiki da dalilinsu. Da wannan an koya musu kwamfuta, an kuma koya musu riƙon amana.

Tambayoyi

1. Faɗi hanya biyu da manhajar tsaro ke gane bairos.
2. Don me kuskuren manhajar tsaro ya fi na manhajar rubutu haɗari?
3. Kwamfuta tana da fayil 350,000, mai gadi yana kuskure sau 1 cikin 50,000. Fayil nawa zai kama bisa kuskure?
4. Me ya sa gyaran ɓarnar 2010 da ta 2024 bai yiwu daga nesa ba ga kwamfutoci da yawa?
5. Gwada yadda Symantec ya yi cikin 2009 da yadda CrowdStrike ya yi cikin Agusta 2024. Wanne ya fi, don me?
6. A ƙaddara kwamfutoci 12 cikin 30 na makarantarku sun nuna shuɗin allo ran Litinin da safe. Rubuta wasiƙa zuwa ga dillali, da wata gajeruwa zuwa ga hedimasta, ko wacce kada ta wuce layi 10.